Hoton Watan Yuli

Salama gare ku, 'yan uwa masu bin labarina. Ni ce dai Keziah taku ta Zuru, mai kyamara a wuya. Na ga saƙonninku, har da masu tsokanar cewa na ɓace sati biyar, ko an ɗaura ne ban gayyace ku ba. Ina fa! Yau ma da ƙyar na janyo ƙafata zuwa kafen intanet ɗin nan, janareto na ta ruri a bayan kunnena. Ke kuma da kika tuna min cewa tun bara na ambaci wata gasar hoto sannan na yi gum da sakamakon, kin kama ni. Na ci. Ni na zo ta ɗaya. Ku riƙe barkarku tukuna, ku ji yadda aka yi.

Saboda sababbin shigowa, bari in koma baya kaɗan. Babana soja ne, shekara huɗu ke nan da rasuwarsa. Abin da ya dawo da shi daga Laberiya, ban da ciwon gwiwa, wata baƙar kyamara ce mai cin fim, ita ce gadona. Ina koyar da 'yan aji uku a firamare, amma ranar Asabar duk inda ake aure ko baftisma za ku gan ni ina durƙushe-durƙushe ina ce wa mutane su daina ƙifta ido. Ba sana'a ba ce, so ne kawai. Mama na cewa ciwo ne.

Sai kuma Kefas, mai neman aurena. Dogo ne, baƙi, mai magana a hankali kamar yana tsoron kada kalmomin su ƙare masa. Yana ajin ƙarshe a makarantar horar da masu bishara da ke bayan gari, watan Nuwamba mai zuwa ya kamata a yaye su. Kuma bahago ne. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da ya je gaida Kakana a Dabai, uban Babana, wanda aurena ke hannunsa, tsohon yana zaune a kan turmi yana gyara ƙotar fartanya. Bai ko ɗago kai ba. Da yarenmu ya yi magana, ni nake mayar muku da Hausa.

"Na ji ka iya wa'azi. Ka iya garma?"

"Na iya, Kaka."

"Ni shekara bakwai na yi wa kakar Keziah golmo. Ubanta ma ya yi kafin ya shiga soja. Ba na ba da jikata ga wanda gonata ba ta san guminsa ba. Amma saboda marigayi, na yafe maka biyar. Damina biyu."

Golmo, ga waɗanda ba 'yan wajenmu ba, noman da saurayi ke yi wa gidan surukai ne shi da abokansa kafin a ba shi mata. Matsalar ita ce, ranar da Kefas ya shiga makarantarsu ya sa hannu a takarda cewa ba zai shiga golmo ba, saboda abubuwan gargajiya da wasu ke haɗawa da shi. Ya gaya wa Kaka gaskiya, ya ce noma zai yi, noma kaɗai, ba ruwansa da sauran. Kaka ya ce shi dawa yake so ya gani, sauran tsakaninsa ne da Allahnsa. Amma takardar makaranta ba ta san wannan bambancin ba.

Haka ya shiga ayarin wani ɗan kawunsa. Duk Asabar da sassafe ya hau keke ya nufi gonar Kaka ta bayan dutse, inda ba hanyar mota. Mama kuwa kullum da waƙarta: "Ke dai ki kama bakinki. Yaron nan ya ɗora karatunsa a kan garma saboda ke. Sa'o'inki duk sun yi ɗaki, kada ki ɓata wannan."

Bakina kam na kama. Hannuna ne ban kama ba.

Wata Asabar cikin Yulin bara na kai musu kunu. Ruwa ya ɗauke ke nan, rana ta ɓullo ta ƙarƙashin hadari, ƙasa ja jawur tana tururi. Su goma sha ɗaya a jere, ba riga, sun ba ni baya, suna huɗa zuwa gindin ɗorawar Kaka mai reshe biyu. Garemani goma sun tashi sama ta gefe ɗaya. Ta sha ɗaya, can bakin layi, ta tashi ta ɗaya gefen, hasken ya sauka a kafaɗar mai ita. Jama'a, ban san lokacin da na dire bokitin kunu ba. Ƙyas!

Ya juyo. Ya tako har inda nake yana share goshi da bayan hannu.

"Keziah, me kika yi?"

"Bayanka kawai na ɗauka, malam mai tsoro."

Bai yi dariya ba. "To, bayan nan naki ne ke kaɗai. Yi min alkawari."

"Na yi."

"Faɗi duka."

"Na yi alkawari ba wanda zai gani. Sha kununka."

Wanda ya fara gani shi ne Malam Muntaka, mai shagon wankin hoto na bakin kasuwa, mutumin Argungu. Wannan dole ne, shi ke wanke min fim tun zamanin Baba. Ya miƙo min ambulan, sai ya zare guda ɗaya ya riƙe, ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Ɗiyar soja, mi kika ɗauko haka? Shekara ashirin ina wanga aiki, ban taɓa wanke irinai ba. Wanga ya hi ƙarhin albam."

Kaina ya yi gingirin. Ku fahimce ni, tunda nake ɗaukar hoto ba wanda ya taɓa ce min komai sai "kin sa na yi baƙi" ko "ina ɗankwalina ya tafi". A satin nan kuma aka karanta sanarwa a coci: ofishin gundumar ikilisiyoyinmu da ke Kontagora ya sa gasar hoto mai taken "Aikin Hannuwansa", za a zaɓi goma sha biyu a buga a kalandar baɗi.

Sati biyu hoton yana ƙarƙashin zannuwana a akwati, ina ciro shi ina mayarwa. Har addu'a na yi a kai, amma irin addu'ar nan da mutum ya riga ya yanke abin da zai yi, yana neman a sa masa hannu kawai. Na ce wa kaina, wa ya kawo hasken nan a daidai minti ɗin? Wa ya ba ni idon gani? Ashe ɓoye baiwa ba shi ma laifi ba ne? Sannan babbar hujjata: ba fuska. Baya ne. Baya kuwa duk baya ne.

Na koma wurin Malam Muntaka ya faɗaɗa min shi. Yana naɗewa a takarda ya tambaye ni, bai dube ni ba.

"Mai bayan ga, ya sani?"

"Ya sani," na ce.

Ƙarya ta farko ke nan, kuma ko gargada muryata ba ta yi ba. Na rubuta a bayan hoton "Aiki ma addu'a ne", na sa sunana, na ba direban motar Kontagora.

Wasiƙar ta iso ƙarshen Nuwamba, ta hannun sakataren coci. Hotuna ɗari da wani abu aka aika. Na uku wani malamin asibiti ne daga Dirin Daji, ya ɗauki bakan gizo a kan rufin cocinsu. Ta biyu wata ce ta ɗauki hannuwan tsohuwa tana ɓarar gyaɗa, kuma gaskiya nata ya yi kyau. Ta ɗaya, Keziah. Alƙalan baƙi ne daga Jos, sun rubuta cewa duk wanda ya kalli hoton zai ji kamar ya cire takalmi. Kyautar takardar yabo ce da ƙaramar kyamara ta zamani mai kati, wadda ba ta cin fim. Na shige ɗaki na rufe ƙofa na yi ta tsalle ba sauti, na durƙusa na ce na gode Ubangiji. Har hawaye na yi. Ina tuna wannan godiyar yanzu sai in ji kunya ta rufe ni.

Kalandar ta zo ana saura kwana goma Kirsimeti. Mama ce ta shigo da ita daga taron zumuntar mata, tana sanye da anko ɗinsu, atamfa shuɗiya da farin ɗankwali, tana ta fara'a wai an ce sunan 'yarta na ciki. Ta zauna a kujerar Baba, ƙarƙashin hotonsa na kaki, ta lashi yatsa tana buɗawa. Janairu. Fabrairu. Ina tsaye jikin kabad ɗin kwanuka ina murmushi kamar sakarya. Ta kai Yuli. Ko daƙiƙa biyu ba ta yi ba.

"Wannan ai Kefas ne."

"Haba Mama, baya ne fa. Ta ina..."

"Ta ina? Ke 'yar bariki ce, shi ya sa. Mutum goma sun jefa ƙasa dama, ɗaya ya jefa hagu, an sa shi a bakin layi don kada garmarsa ta sari ta wani. Bahago nawa ne a ƙasar nan mai wannan tsawon? Ga ɗorawar kakanki. Ga sunanki a ƙasa da manyan baƙaƙe. Wa zai tuɓe riga a gonar kakan Keziah in ba mai neman Keziah ba?" Ta ajiye kalandar a cinya, ta dube ni. "Mu manoma ba da fuska muke gane mutum a gona ba. Kullum bayansa muke gani."

Ni da na girma a barikin Kaduna da Jos, na ɗauka fuska ita ce mutum. Wannan kalandar kuwa ba gidan mai bi da ba za ta shiga ba, daga Zuru har Sakaba.

Na ɗauki 'yar Nokiyata na rubuta masa saƙo na goge ya fi sau biyar. Ƙarshe na tura: "Ka zo gida don Allah. Na yi laifi." Ya amsa: "Na gani. Ina hanya."

Ya zo da farar rigarsa ta makaranta mai guntun hannu, an goge ta tsaf. Ya gaida Mama har ƙasa, ta tashi ta ba mu wuri. Ya ɗauki kalandar ya kalli kansa. Na shirya wa faɗa, na shirya wa zagi ma. Sai ya ce, "Ya yi kyau, Keziah. Ban san haka muke ba in muna aiki."

Na fashe da kuka. "Ka yafe ni. Na ɗauka ba za a gane ba."

"Da ba za a gane ba fa? Alkawarin ya tashi?"

Na sunkuyar da kai.

Abin mamaki, shiru. Janairu ta wuce, ba wanda ya ce uffan. Ista ta wuce. Kowa ya rataye kalandarsa yana buɗe wata ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa duk ranar ɗaya ga wata sai gabana ya faɗi, don an matso da shafi guda. Kefas bai fasa zuwa ba, bai fasa yi min filashin sau biyu da safe ba, alamarmu ta ina kwana. Amma ya daina ba ni labarin makaranta. Damina ta sauka, ya koma gonar Kaka. Na fara ce wa kaina wataƙila Mama ce kawai mai ido.

Ɗaya ga Yuli ta faɗo ranar Lahadi. Ina shiga coci na ga bayan Kefas a bangon hagu, kusa da allon waƙoƙi. Yana ofishin fasto. Yana shagon mai kati. Aka ce yana ɗakin cin abincin makarantarsu, saitin teburin da yake zama. Ranar Laraba aka aiko ana kirana.

Baba Haggai, shugaban makarantar, abokin Babana ne, shi ya yi min baftisma. Na same shi a ofis da kalandar a buɗe kan tebur. Na durƙusa, ya ce in tashi in zauna, na ƙi.

"Baba, laifina ne. Shi bai sani ba. Noma kawai ya yi, ko kusa da wani abu na gargajiya bai je ba."

"Na sani."

"A hukunta ni, a bar shi."

Ya cire tabarau ya murza idanu. "'Yata, kina tsammani bara ba mu sani ba? Yaro ya dawo ranar Asabar da kanta a tafin hannu, wuyansa duk jar ƙasa, ya ce ya je gaida dangi? Ni ma ɗan ƙasar nan ne. Na san kakanki, na san abin da zai nema. Mun ga yaron kirki ne, muka kau da kai. Da Disamba da abin nan ya fito, na roƙi 'yan kwamiti, na ce kowa ya yi kamar bai buɗe ba. Amma yanzu kwana talatin da ɗaya zai yi yana rataye a gaban ɗalibai sittin da suka sa hannu a takarda ɗaya da shi. Uku sun riga sun zo sun tambaye ni ko dokar ta tashi." Ya tura kalandar gabana. "Mun iya rufe ido, Keziah. Ke kika buɗe mana shi."

Ya gaya min abin da kwamiti ya yanke. Kefas ya tsaya gaban ikilisiya ya ce ya yi zunubi, ya tuba, ya bar gonar daga ranar, sai a bar shi ya gama karatu. In ya ƙi, ya kwashe kayansa. Ni kuwa na san Kaka. In aka kira noman gonarsa zunubi a bainar jama'a, ko sunan Kefas ba zai ƙara yarda a ambata a gidansa ba.

Na tura masa saƙo tun ina bakin ƙofar ofis: "Ka faɗi abin da suke so. Ka gama karatunka. Ni na jawo, ni zan ɗauka." Bai amsa ba. Na kira, ya ƙi ɗauka.

Ranar Lahadin na sa atamfata kore da ya fi so, don wauta, kamar kaya za su gyara wani abu. Bayan wa'azi aka kira sunansa. Ya fito da farar rigar nan, ya tsaya daidai ƙarƙashin hoton, ko da gangan ne ko ba da gangan ba, oho.

"Na sa hannu a takarda, na karya," ya ce. "Wannan laifi ne, na amsa, ina roƙon gafarar shugabannina. Na ɓoye, wannan ma laifi ne. Amma noman da na yi wa tsoho, na duba zuciyata ban ga zunubi ba. In na ce na gani, na yi ƙarya a gidan Allah."

Ya koma ya zauna. Mama ta damƙe hannuna har ya yi zafi. Ranar Talata aka ga akwatinsa na ƙarfe ɗaure a bayan keke.

Tun yana ɗan shekara goma sha biyu yake son aikin nan na bishara, shi ya gaya min. Saura wata huɗu.

'Yan uwa, na yi ta tambayar Allah me ya sa ya ba ni ido in abin da zan yi da shi ke nan. Yanzu na daina, don na gane tambayar ma rashin kunya ce. Hasken ranar nan kyauta ne, na yarda har gobe. An nuna min abu mai kyau, aka ce in riƙe. Ni ce na ga bai ishe ni ba sai an tafa min. Sabuwar kyamarar tana cikin kwalinta a saman kabad, ko batir ban sa mata ba. Ta Baba ma na rataye. Malam Muntaka ya tare ni a kasuwa ya ce, "Ɗiyar soja, kin ce ya sani." Na wuce.

Kefas kuma bai bar gonar ba. Da ba makaranta, kullum yana can, wani lokaci da ayari, wani lokaci shi kaɗai. Ba filashin, ba saƙo, sati biyar. Shekaranjiya da rana ina cikin aji wayata ta yi ƙara a jaka. Na fita baranda na buɗe. Ga abin da ya rubuto, ban canja ko harafi ba:

"Na gama noman Kaka yau. Na ce masa damina biyu, na cika. Na bar garmar a ƙofarsa. Maganata da ke kuma ban sani ba, Keziah. Ina ƙoƙari. Kada ki kira."

Jiya sai ga saƙon Kaka ta bakin matar kawuna. Wai dawa ta yi kyau irin wadda bai gani ba tun rasuwar Baba, wai yaron nan namiji ne, ya ci mata. Ya sa ranar Asabar Kefas ya zo da manyansa a yi magana, har ya ware akuyar da za a yanka. Mama ta fiddo leshinta tana shanyawa, tana waƙa ƙasa-ƙasa, rabon da in ji ta tana waƙa tun Disamba. Ba wanda na nuna wa saƙon Kefas. Ku ne na farko.

Yau Alhamis, tara ga Agusta. Kowane gida a Zuru an buɗe sabon shafi, an huta da ganinsa. Da safe Mama ta kai hannu za ta juya namu, na ce ta bari. Ta dube ni, ta dubi hoton, waƙar ta tsaya a bakinta.

"Keziah," ta ce, "zai zo ranar Asabar ɗin kuwa?"

Na ce mata zai zo. Muryata ko gargada ba ta yi ba.